Zaman Sulhu a Soron Gwadabe

Rabaran Habila Nomau ya sauka daga adaidaita sahu a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa, domin lungun da ke kaiwa gidan marigayi Alhaji Gwadabe a Koki bai taɓa ɗaukar abin hawa ba, balle yanzu da kowane maigida ya ciyo hanya da bulo. An yi ruwa da asuba, lungun duk caɓi, sai ya tattare bakin wandonsa yana takawa a hankali saboda gwiwa. Ya haura saba'in. Shi ne shugaban gunduma, mai kula da coci-cocin Hausa na ɗariƙarsu da ke Kano da ƙauyukan kewaye, kuma a ƙarshen shekarar nan zai sauka ya ba wani. Burinsa ya sauka lafiya, ya miƙa jama'a a haɗe kamar yadda aka miƙa masa su. Sai ga shi babbar cocinsu ta Sabon Gari, uwar sauran, an garƙame ƙofarta da kwaɗo biyu, kowane ɓangare da nasa makullin. A makon da ya wuce ma wata tsohuwa mai suna Saratu ta rasu, aka yi wa gawarta sujada, wato addu'ar coci, a bakin titi, ana yayyafi, masu sayar da kayan gyaran mota suna kallo. Tun ranar Habila ya kasa cin abinci da daɗi.

Lungun nan kuwa tun yana saurayi ya san shi. Ubansa Nomau manomi ne a wani ƙauye can bayan Ƙaraye, Bamaguje da ya shiga addinin Kirista da girmansa, kuma tun zamanin kakanni gidan su Gwadabe ne masaukinsu in sun kawo gyaɗa birni. Da aka turo Habila Kano a matsayin mai bishara, daga shi sai akwatin ƙarfe da tsohon keke, ya nemi ɗaki a Sabon Gari ya rasa. Nomau ya taso da kansa daga ƙauye, ya kawo shi Koki, ya ce wa Gwadabe, "Ga amana." Gwadabe ya sa aka share shagon da ke jikin soro, aka shimfiɗa tabarma, maganar ta ƙare. A nan Habila ya zauna shekara da shekaru har ya yi aure.

Ran Lahadi, in Gwadabe ya dawo daga sallar asuba, yakan ƙwanƙwasa ƙyauren shagon da carbinsa a hannu, ya ce, "Ɗan Nomau, tashi, yau taku ce." Da wasu maƙwabta suka fara gunaguni, abin da ya gaya musu bai fi wannan ba: "Ubana ya sauki ubansa. In na kore shi, me zan je in gaya wa ubana?" Matarsa 'Yardada kuma ko da azumi ba ta barin Habila da yunwa. Takan ajiye masa ɗumamen sahur a rufe da faifai, shi kuwa don kunya sai ya tura ƙyaure kafin ya ci.

Gwadabe ya daɗe da rasuwa. 'Yardada ce ta rage, ta tsufa tukuf, yanar ido ta hana ta gani, tana zaune da babban ɗanta Ɗayyabu mai sayar da atamfa a kasuwar Kwari. Habila na cikin mutanen da ba a yi musu iso a gidan. Ya yi sallama daga tsakar gida, ya tarar da ita a rumfa kan tabarma, tana ɓarar gyaɗa da lalube.

"Wa nake ji kamar ɗan Nomau?" in ji ta. "Ba sallah ba, ba Kirsimeti ba. Lafiya dai?"

Ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarmar. Suka gaisa, ta tambayi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da na Legas. Sannan ya kwashe labari ya gaya mata. Shi da kansa ya kai wani matashi, Fasto Timothawus, ya shugabanci babbar cocin. Yaron nan ya ga matasa suna ta zarewa, iyalai da yawa sun koma sababbin unguwanni a bayan gari, sai ya ce a tashi a bi su can, a kuma mayar da sujada Turanci. Tsofaffi suka ce ba su san zancen ba. Dattijo Bawa Jatau, babba a majalisar dattawan cocin, ya sayo kwaɗo ya kulle ƙofa don kada a kwashe kaya. Matasan da ke bayan fasto su ma suka sayo nasu suka ɗora a kai.

'Yardada ta daina ɓarar gyaɗar. "Bawa kafinta? Wanda ya yi mana rufin ɗakin can?"

"Shi fa."

"Kai, tsufa bai hana ku rigima ba. Kwaɗo a wurin ibada! To kai me ya hana ka tsawatar? Ba kai ne babba ba?"

Habila ya ɗauki gyaɗa yana taya ta ɓara. Gaskiyar magana, zuciyarsa tana wajen tsofaffin. A cocin nan aka ɗaura aurensa da Rifkatu, a nan kuma aka yi mata sujadar ƙarshe. Ya san kowace tsaga a bangonta. Amma ya kuma san cewa jikokinsa na cikinsa ba sa zuwa, suna can wata cocin inda ake kaɗa jita. Duk lokacin da ya hau bagade ya duba, furfura ce ta fi yawa.

"Na kira su ofis," ya ce, "kowa ya zo da zugarsa, kowa na ɗaga waya yana ɗauka. Duk gidan da na zaɓa a Sabon Gari, sai a ce na ɓangaren wane ne. Abin da ya kawo ni, Hajiya, aron soro na zo. Ina son wurin da dukansu za su zama baƙi, su ji nauyin ɗaga murya."

Ana cikin haka Ɗayyabu ya shigo zai fita kasuwa. Shi ma furfura ta fara masa, amma Habila ne ya fara koya masa baƙaƙen boko a bakin shagon nan, don haka har yau Kawu yake ce masa. Da ya ji buƙatar sai ya sosa ƙeya.

"Kawu, ka san ba abin da za ka nema a gidan nan a hana ka. Sai dai zamanin Alhaji daban, yanzu daban. Mutum ɗaya ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, kafin la'asar gari ya ɗauka an buɗe coci a Koki."

"Na san da wannan," in ji Habila. "Ba sujada za mu yi ba. Ba waƙa, ba wa'azi. Mu huɗu ne, magana kawai. In ka ga akwai damuwa, wallahi ba zan ji haushi ba."

'Yardada ta ce, "Baƙina ne, gaishe ni za su zo yi. In sun gama gaisuwa suka zauna a soro suka sha fura, wa ya isa ya hana?"

Ɗayyabu ya yi murmushi, ya ce zai sanar da mai unguwa da liman tukuna, don kada su ji a bakin wani, kuma ranar shi da kansa zai zauna a dakalin ƙofar gida.

Ran Talata da hantsi suka zo. Bawa ne a gaba, dogon tsoho mai faɗin tafi, ya sha kunu kamar an aiko masa da mutuwa. Bayansa Mama Jummai, shugabar zumuntar mata, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Ita ba ta sa kwaɗo ba, amma ita ta riƙa tara mata a ƙarƙashin bishiyar ƙofar coci kowace Lahadi tun da aka kulle. Fasto Timothawus ne ƙarshe. A barikin soja na Legas ya tashi, Hausarsa ta bariki ce, kuma duk zamansa a Kano bai taɓa wuce kasuwar Kurmi ba. Ya saka kaftani da hula, sai waige-waige yake, yana ba kowa hanya har da awaki.

Habila ya fara shiga da su cikin gida. Jummai na yin sallama 'Yardada ta miƙa hannuwa biyu. Ta shafa fuskarta, ta shafa kafaɗunta, ta ce, "Jummai, kin yi ƙiba. Ina mayafina?"

"Yana nan a ƙasan akwati, Hajiya. Ba zan ba ki ba."

Suka yi dariya har Jummai ta share ido da bakin zane. Bawa ya tsuguna daga bakin rumfa ya gaishe ta, muryarsa ta yi laushi. Timothawus ya dubi Habila da alamar tambaya, sai Habila ya gaya masa a taƙaice. Shekarar da aka yi wata tarzoma a gari, Bawa yana kan rufin wani gida a unguwar nan yana aiki, Jummai kuma ta taso daga asibiti hanya ta rufe mata. Gwadabe ya fita da kansa ya shigo da su. Kwanaki suka yi a gidan nan, Jummai a ɗakin 'Yardada, Bawa a ɗakin ajiyar gyaɗa. Da ƙura ta lafa, 'Yardada ta yafa wa Jummai mayafinta, Gwadabe ya raka su har bakin Sabon Gari.

"Ba wanda ya taɓa gaya mini," in ji Timothawus.

"Ba ka taɓa zama da mu ba balle ka ji," in ji Bawa, bai ko dube shi ba.

Suka koma soro. Tsohon gini ne na ƙasa mai ɗaurin guga, bango mai kauri, da sanyi kamar bakin randa. An shimfiɗa musu darduma, an ajiye ƙwaryar fura da ludaya. Habila ya zauna inda Gwadabe yakan zauna, ya jingina da bango, ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa ya shige masa hanci, har ya ji kamar in ya waiga zai ga kekensa a jingine. Ya ce kowa ya kashe waya. Sannan ya ce Bawa ya fara, shi ne babba.

Bawa bai fara da zancen tashi ko Turanci ba. Da bencina ya fara. Ya ce shi ya yi su da hannunsa, da katakon da mutanen coci suka ɗauko a ka daga tashar jirgi, tun Timothawus ba a haife shi ba. Wata Asabar ya zo ya tarar an tara su a bayan banɗaki, ruwa na dukansu, an cika coci da kujerun roba. Ba wanda ya ce masa ci kanka. Bayan haka aka ɗauke sujadar Hausa daga safe aka kai ta tsakar rana, lokacin da kwano ya yi zafi, tsofaffi na gyangyaɗi.

"Aka mayar da mu kamar sauran tuwo," ya ce. "Sannan zancen tashi, a bakin jikata na ji shi. Ni da nake majalisa. To in ba a tambaye ni ba don ni dattijo ne, ai a tambaye ni don ni na kafa ƙofar da za a fita ta cikinta."

Timothawus ya sunkuyar da kai yana sauraro. Da aka ba shi dama, ya fara da Turanci, sai ya tsaya, ya koma Hausarsa mai tuntuɓe. Ya ce bencinan gara ta ci wasu, ƙusoshi na yage wa mata zane, amma ya yarda ya kamata ya tambaya. Ya ce abin da ke hana shi barci shi ne yaran. Layin cocin ya zama kasuwa, ƙarar janareto ba ta barin a ji karatu, iyalai sun koma nesa, uwa mai 'ya'ya huɗu sai ta hau abin hawa biyu kafin ta iso. Ya riƙa bin su gida-gida, suna ce masa suna son cocinsu amma ta yi musu nisa, kuma 'ya'yansu ba sa gane Hausar Littafi.

Ya juya wajen Habila ya ce, "In na zauna na yi shiru, Baba, nan gaba kaɗan ba wanda zai rage. Kai ka kawo ni. Ka ce in riƙe matasa."

"Na faɗa," in ji Habila. "To me ya sa ka guji sujadar Hausa? An ce ka bar wa mai bishara ita."

Timothawus ya ce ranar da ya fara wa'azi da Hausa, ya kwana biyu yana shiri. Ya zo zai ce Allah ya ba mu gafara, harshensa ya zame ya ce gafiya. Dattijo Bawa ya miƙe a tsakiyar jama'a ya ce, "Fasto, mu gafiya a gona muke kama ta." Coci ta fashe da dariya. Matarsa na zaune a gaba, amarya ce lokacin, ta koma gida tana kuka.

"Tun ranar, in na tsaya gabanku sai in ji harshena ya yi nauyi."

Bawa ya buɗe baki zai yi magana, Jummai ta riga shi.

"Ni ma na yi dariyar, ɗana, ka yafe mini. Amma ku duka biyu ku saurare ni. Ni na tsufa da koyon addu'a da Turanci. Na iya shi, da shi na yi aiki, amma in ciwo ya kama ni da Hausa nake kiran Allah. Kuma matan da mazansu suka rasu, da ke ɗakunan haya kewaye da cocin nan, wa zai kai su bayan gari? Wannan naka ne, Fasto. Kai kuma Dattijo, Saratu ita ta riƙa share cocin nan tun tana da ƙarfi har ta koma yi a zaune. Ranar da za a fita da ita, 'yarta ta zo gidanka neman makulli, ka ce sai ɗaya ɓangaren sun fara cire nasu. Ni na riƙe wa akwatin gawar laima."

Can sai ladan ya kira azahar daga masallacin unguwa. Habila ya ɗaga hannu alamar a dakata, al'adar da ya koya a gidan nan, ba a magana a soro in ana kiran salla. Ɗayyabu ya leƙo ya ce zai je masallaci ya dawo, kuma Hajiya ta ce kada wanda ya tashi bai ci abinci ba. Aka shigo da dambu da zogale a babban akushi. Mazan uku suka ci a kwano ɗaya, don ba yadda za su yi, Jummai ta shiga ciki ta ci da 'Yardada.

Habila yana cin abinci yana tunani. Da ya taso daga gida, hanya mafi sauƙi ce a ransa: ya mayar da Timothawus wata cocin ƙauye, ya kawo dattijon fasto mai Hausa, tsofaffi su yi murna, shi kuma ya sauka ana yi masa guɗa. Yana da ikon yin haka, ba wanda zai tambaye shi dalili. Kuma abin da zuciyarsa ke so ke nan. Amma yana kallon yaron nan yana kokawa da dambu, yana zubarwa a kan kaftani, ya san cewa duk abin da ya faɗa game da matasa gaskiya ne, kuma in aka kore shi, waɗanda suka rage za su bi shi ko su watse.

Da Jummai ta dawo, ya wanke hannu ya gyara zama.

"Kafin rana ta faɗi yau," ya ce, "kowa zai cire kwaɗonsa da hannunsa. Fasto, za ka je bayan gari ka kafa sabon wuri, ko da rumfar kwano ce, ka yi da harshen da yaran ke ji. Ba zan hana ka ba, kuma kai ne za ka ci gaba da shugabancin ikilisiyar, can da nan. Amma tsohuwar coci ba za a rufe ta ba muddin akwai mai zuwa, kuma sujadar Hausa ta koma safe. Ran Lahadi za ka tsaya gaban jama'a ka roƙi 'ya'yan Saratu gafara, da Hausa, don yaranka ne suka ɗora kwaɗo na biyu kana gani ba ka hana ba."

"Na ji, Baba."

Habila ya juya wajen Bawa. Wannan ce ta fi masa wuya. Tare suka yi samartaka, Bawa ne ya riƙe masa laima ranar aurensa.

"Dattijo, an yi maka ba daidai ba, kuma na faɗa a gaban wanda ya yi. Amma kai ka fara kulle ɗakin sujada, kai aka roƙa ka ƙi. Za ka sauka daga majalisa har bayan bikin godiya na kaka mai zuwa."

Bawa ya dube shi kamar bai ji da kyau ba. "Ni za ka yi wa horo, Habila? A gidan mutane? Saboda yaron da ya zo jiya?"

"Saboda Saratu."

Bawa ya laluba aljihu ya fito da makulli, ya jefa a kan darduma. Ya miƙe, ya saka takalmi, ya fice. Suna jin takunsa a lungu. Can kuma sai takun ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, na wuce. Allah ya saka da alheri." Sannan ya tafi, bai kalli kowa ba.

Jummai ta ɗauki makullin ta ƙulle a bakin zane. Ta ce, "To, Baba Rabaran, in Fasto yana bayan gari, mu wa zai riƙe mu?"

"Ni. In na sauka a ƙarshen shekara, zan roƙi gunduma ta ba ni cocin Hausa, a ƙarƙashin Fasto Timothawus."

Timothawus ya zabura. "Haba Baba! Ta yaya zan zama shugabanka?"

"Yadda na zama shugaban waɗanda suka yi mini baftisma. Ba daɗi, amma ana sabawa. Abu ɗaya nake so: kowane wata ka zo ka yi mana wa'azi. In ka yi kuskure, Mama Jummai za ta gaya maka a bayan coci, ba a gaban mutane ba."

Da yamma aka cire kwaɗon nan biyu. Jummai ce ta buɗe na Bawa, tun da shi ya ƙi zuwa. Ran Lahadi Timothawus ya tsaya ya roƙi gafara, ba wanda ya yi dariya. Wasu daga cikin matasan sun ji haushi sun ce an ƙasƙantar da fastonsu, wasu tsofaffin kuma suka ce Rabaran ya sayar da abokinsa. A babban taron gunduma an ɗan ja maganar ba Habila cocin Hausa, daga baya aka amince, aka zaɓi wani fasto daga ƙauyukan Rano ya gaji Habila.

Haka Habila ya koma inda ya fara. Ya kwashe littattafansa daga ofis ya kai ɗan ƙaramin ɗakin da ke bayan bagade. Jama'arsa ba yawa, yawanci mata ne tsofaffi da 'yan ƙauye da ke zuwa cin rani, amma in zumuntar mata suka ɗauki tulu da kacau-kacau suka ja waƙa, ƙarar janareton maƙwabta ba ta isa ta danne su ba. Rumfar bayan gari kuwa ta cika har aka ƙara mata tsawo. Zama a ƙarƙashin yaro bai zo wa Habila da sauƙi kamar yadda ya faɗa a soro ba. Akwai ranar da Timothawus ya same shi, yana ta kame-kame, ya ce an kawo ƙara cewa wa'azinsa na yin tsawo, masu ciwon suga na jin jiki. Habila ya ji abin har cikin ransa. Ya haɗiye, ya ce, "To, Fasto, za a gyara." Ya kuwa rage.

Bawa dai bai dawo ba. Bikin godiya ya zo ya wuce, aka aika masa cewa kujerarsa na jiransa a majalisa, ya ce ya gode. Habila ya je gidansa sau da dama, kullum a ce ya fita.

Da bazara ta kama, wata safiya Ɗayyabu ya kira shi a waya ya ce Hajiya ta cika, za a yi jana'iza kafin azahar. Habila ya sanar da Jummai da Timothawus, suka tafi tare. Lungun ya cika maƙil. Jummai ta shige wajen mata. Da aka ja sahu za a yi wa gawar salla, Habila da Timothawus suka koma jikin bango suka tsaya, Habila ya sunkuyar da kai yana tasa addu'ar a zuci. Ya bi su har maƙabarta duk da gwiwar, ya tsaya daga baya har aka gama.

Da aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don karɓar gaisuwa, Ɗayyabu ya kama hannunsa ya zaunar da shi cikin 'yan'uwa. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ya miƙa masa hannu shi ma, tsofaffin unguwa na cewa, "Malam Habila, ya haƙuri?" Yana amsawa, hawaye na bin gemunsa.

Can wajen la'asar wani ya zo ya zauna kusa da shi, ya yi nishi irin na tsofaffi. Bawa ne. Ya rame, ya fara riƙe sanda.

"Wa ya gaya maka?" in ji Habila daga baya.

"Jummai." Bawa ya dubi ƙofar soron. "Sauranmu nawa ne yanzu da muka san gidan nan da mai shi?"

"Ba yawa."

Bawa ya riƙa zana ƙasa da bakin sandarsa. "Na bi ta layin coci kwanan baya. Kwanon gefen gabas ya ɗaga. In ba a danne shi ba kafin ruwan fari, iska za ta yaye shi gaba ɗaya."

"Na gani. Ban san wanda zan sa ba."

"Zan zo ran Alhamis in duba. Ba don kai ba."

"To. Amma sai ka fara gaya wa Fasto, shi ke ba da izinin gyara. Ga shi can."

Bawa ya dubi inda Timothawus ke tsaye yana taya Ɗayyabu jera wa baƙi ruwa. Ya yi tsaki a hankali. Sannan ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya nufi wajensa.